Amsa kan kai jirgi daga Martinik zuwa Tirinidad a watan Satumba

Ɗana, ka ce mai jirgin ruwan yana so ka ɗauko masa shi daga tashar Le Marin ta Martinik ka kai Chaguaramas ta Tirinidad, duka a tsibiran Karebiyan, a farkon Satumba, kuma da yake hasashen yanayi na kwana bakwai bai nuna komai ba, kana tambaya ko ka amsa, kuma idan ka amsa yaya za ka tsara tafiyar. Kana iya amsawa, amma da sharaɗin cewa kai ne za ka zaɓi ranar tashi, kuma kana da ikon fasawa ko da an riga an ɗora kaya.

Lokacin mahaukaciyar guguwa a tekun Atlantika yana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, sai dai ƙarfinsa yana tsakanin tsakiyar Agusta da tsakiyar Oktoba, kuma ƙololuwarsa tana wajen 10 ga Satumba, wato daidai lokacin da ake so ka tashi. Yawancin manyan guguwowin wannan lokaci daga Afirka suke farawa. Hadarin da ke tasowa daga gabas da damina ya ratsa ƙasar Hausa ya nufi yamma, irin igiyar iskar da ke ɗauke da shi ce take faɗawa teku ta wajen Senegal da tsibiran Kef Bade, kuma idan ta sami ruwa mai ɗumi sai ta fara juyawa. Daga can zuwa tsibiran Karebiyan tana ɗaukar kusan mako guda, shi ya sa nake so idonka ya riƙa kaiwa gabas mai nisa, ba saman kanka kawai ba.

Lissafin da komai ya rataya a kansa shi ne na gudu. Jirginka mai tafiya da iska yana yin mil biyar ko shida na teku a awa, wato kimanin mil 120 zuwa 140 a kwana, ita kuwa guguwa takan yi tafiyar mil goma zuwa sha biyar a awa, wani lokaci fiye. Ba ka iya tsere mata idan ta riga ta matso, abin da kawai kake iyawa shi ne ka kauce tun tana nesa. Tafiyar taka ba ta wuce mil 250 ba, kwana biyu ke nan idan ba ka tsaya ba. Shawarata ita ce ka yi ta kai tsaye. Na san akwai daɗi a kwana a Sent Lushiya, a kwana a Bekwe, a sake kwana a Kariyaku, tsibiran da ke kan hanya, amma kowane dare da ka ƙara yana cin ranakun da hasashen ya ba ka, kuma hasashen kwana na shida da na bakwai ba shi da ƙarfin na gobe da jibi. Ka cika tankin man dizal har da jarkoki, domin iska takan kwanta a Satumba, kuma wanda yake gudun guguwa ba ya zaman jiran iska.

Cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miyami tana fitar da bayani sau huɗu a rana. Ka karanta rubutun kansa, kada ka tsaya ga hoton. Zanen nan mai kama da mazurari da ake nunawa yana nuna inda cibiyar guguwar za ta iya bi ne kawai, bai nuna faɗin iskarta ba, kuma cibiyar ma takan fita daga cikinsa kusan sau ɗaya cikin uku. Tsofaffin matuƙa suna da ƙa'ida: a ɗauki iyakar inda iska ta kai mil 34 na teku a awa, a ƙara mil 100 don hasashen kwana ɗaya, 200 don kwana biyu, 300 don kwana uku, sannan a hana jirgi shiga wannan fili. Hasashe ya inganta tun bayan da aka kafa ta, wasu ma suna ganin ta yi tsauri, amma ga ƙaramin jirgi mai jinkiri ina nan a kanta. Idan hanyarka ta taɓa wannan fili, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Za ka ji masu cewa kudu babu guguwa. Gaskiya ne tana raguwa yayin da ake kusantar layin da ya raba duniya biyu, domin ƙarfin da ke juya iska yana raunana a can, kuma shi ya sa kamfanonin inshora suke son jirage su koma kudu. Amma a Satumban 2004 guguwar Ivan ta ragargaza Girenada, wadda mutane suka daɗe suna ɗauka a wajen hanyar guguwa take, ta lalata jirage masu yawa har da waɗanda aka fitar aka jingine a tudu. A ranar 1 ga Yulin 2024 Beryl ta faɗa wa Kariyaku da mataki na huɗu cikin matakai biyar na ƙarfin guguwa, kuma da yawa daga cikin jiragen da suka ɓuya cikin itatuwan bakin ruwa na Tyrell Bay ba su tsira ba. Tobago ma, da ke dab da Tirinidad, Flora ta same ta a 1963. Haka nan kada ka dogara da cewa ƙarama ce: Maria a 2017 ta tashi daga mataki na ɗaya zuwa na biyar cikin ƙasa da kwana guda kafin ta sauka a Dominika.

A cikin teku, ka rubuta abin da ma'aunin nauyin iska ya nuna kowace awa a littafin jirgi, ka ɗan ƙwanƙwasa gilashinsa da yatsa kafin ka karanta. A wannan yanki allurar tana hawa da sauka sau biyu a rana, tana sama wajen ƙarfe goma, tana ƙasa wajen ƙarfe huɗu, safe da dare. Idan ta daina bin wannan tsari, ko ta sauka maki uku ƙasa da yadda ta saba, ka farka. Ka kuma riƙa ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin igiyar ruwa da mai bin ta. Doguwar igiya mai ɗaga jirgi a hankali, wadda ba ta dace da iskar da ke kaɗawa ba, takan riga guguwa isowa. Idan ka juya wa iska baya, cibiyar guguwar tana hannunka na hagu. Ga guguwar da ta nufi yamma, ɓangarenta na arewa ne mafi muni, don haka mafitarka galibi kudu ce, kuma wannan yana daga cikin abin da ya sa na yarda da tafiyar. Da arewa za ka nufa, da ban yarda ba.

Kafin ka kwance igiya, ka rubuta inda za ka fake idan labari ya canja a hanya, da awoyin da za ka ɗauka ka isa kowane wuri, domin mafaka irin ta Port Egmont a kudancin Girenada tana cika da wuri, kuma wanda ya zo a makare a bakin ƙofa yake kwana. Idan ta kama ka fake, ka sauke ƙyallayen jirgin gaba ɗaya da rumfa da duk abin da iska za ta kama, ka jefa anka fiye da ɗaya, ka zura igiyoyin cikin guntayen tiyo a inda suke goga da ƙarfe, sannan ka fita da mutanenka zuwa gini mai ƙarfi. Babu abin da mutum zai gyara a kan jirgi cikin irin wannan iska.

Tsakanin Girenada da Tirinidad ruwa yana jan jirgi yamma da ƙarfi, saboda haka ka karkata gabas tun farko, ka kuma daidaita tafiyar yadda za ka shiga mashigar Bocas, wato ƙofar ruwan da ake bi a isa Chaguaramas, da rana. Ka duba takardar inshorar jirgin da idonka, ka ga ko ta amince da tafiya a wannan yanki a wannan wata, sannan ka sa mai jirgin ya rubuta maka cewa ya yarda ranar tashi tana hannunka.