Yarjejeniyar shekara uku ko biyan awa-awa: wanne ya dace da manhajata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da manhajar duba sakamakon jarrabawa, makarantun kuɗi shida a Tudun Wada da Barnawa ke amfani da ita. Sabar haya (wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kai) nake da ita a AWS, sashen kamfanin Amazon mai ba da hayar saba, ina biya gwargwadon awannin da ta yi a kunne. An ce in shiga yarjejeniyar shekara uku, wai ta fi araha. In shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata tukuna. Rangwamen gaskiya ne, a tsarin yarjejeniyar da AWS ke kira Savings Plans yana iya kaiwa kashi 72 cikin ɗari. Sai dai hayar shago ce: ko ka buɗe ko ka garƙame, mai gida zai karɓi kuɗinsa. Manhajarka kuwa barci take kusan duk zangon karatu, sai makon da aka saki sakamako iyaye su yi mata caa da wayoyinsu, galibi bayan Isha. In ka kama babbar saba saboda wannan makon, sauran watannin iska kake biya wa.

Ga kuma dala. Farashin da ita ake yanke shi, kai kuma naira makarantun ke ba ka. Wanda ya ƙulla alkawari a farkon 2023, lokacin dala tana wajen naira 460 a hukumance, ya ga ta haura 1,500 a 2024, ya ji a jikinsa.

Da ni ne, sai in duba lissafin zango guda cikakke, in gano ƙaramin nauyin da ba ya sauka dare da rana, shi kaɗai in yi wa yarjejeniya, ita ma ta shekara ɗaya. Makon cunkoso in ƙara saba ta biyan awa, in an watse in goge ta. Gogewa na ce, domin ko ka kashe ta, ma'ajiyar bayananta na ci gaba da cin kuɗi.

Akwai kuma Spot, rarar sabar da kamfanin ke karyar wa farashi har zuwa kashi 90, amma in ya buƙaci abinsa minti biyu yake ba ka ka kwashe komatsanka. Ya dace da haɗa takardun sakamako cikin dare, aikin da in ya yanke za a sake. Kada ka kuskura ka ɗora rumbun makin yara a kai.

Ka kuma saita gargaɗi a AWS Budgets, sashen sa ido kan kuɗin da kake kashewa, tun yau, saƙo ya riƙa shigo maka da zarar kuɗin wata ya doshi abin da ka ware.