Haɗa Turanci da tarihi a aji ɗaya: riba ce ko asara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a Amurka, 'yata kuma za ta shiga aji 11 na sakandare. Makarantarsu ta ba su zaɓi: ko ta ɗauki Turanci daban, tarihin Amurka daban, ko ta shiga wani kwas da ya haɗe su, malamai biyu a aji ɗaya. Ni dai na san taura biyu ba ta taunuwa. Ba za ta tashi a tutar babu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Tsoronki na da tushe, amma ba a inda kike zato ba.

Abin da suke kira darasin Turanci a sakandaren Amurka yawancinsa adabi ne da koyon rubutu, nahawu kaɗan ne. A makarantu da yawa, a aji 11 ake karanta adabin Amurka, a shekarar kuma ake yin tarihin ƙasar. Ke nan ko ba a haɗa ba, 'yarki za ta yi duka biyun. Kwas ɗin da ake kira American Studies jera su kawai yake yi: darasi biyu a manne, abin da ake karantawa a wannan ya zo daidai da zamanin da ake nazari a wancan. Galibi kuma kiredit biyu ake rubuta wa ɗalibi, wato ana lissafa masa darasi biyu ne.

Ba sabon abu ba ne. Tun a shekarun 1930 aka yi wani gwaji na shekara takwas a makarantun sakandare kusan 30, aka sakar musu mara su tsara darussa yadda suka ga dama, wasunsu suka rushe katangar da ke tsakanin fannoni. Da aka bi sawun ɗalibansu a jami'a, ba su gaza takwarorinsu ba, har sun ɗan ɗara su. Ma'aunin karatu na Common Core na 2010, wanda jihohin Amurka da yawa suka ɗauka, shi ma ya ɗora wa malaman tarihi nauyin koyar da karatu da rubutu.

Ga inda haɗin yake daɗi. A ranar 5 ga Yuli 1852, Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta, ya yi jawabi a Rochester kan bikin 'yancin kan Amurka, ya ce wa masu sauraro bikin nasu ne, ba nasa ba. Malamin Turanci zai tsaya kan yadda ya fara da yabon waɗanda suka kafa ƙasar, sai da ya kwantar wa jama'a da hankali sannan ya juya musu. Malamin tarihi kuwa zai tambaya: me ya faru a 1850? Dokar da ta tilasta a kamo bawan da ya gudu a mayar wa ubangidansa, ko da ya isa jihar da ba a bauta. Ɗalibar da ta ji duka biyun a safiya ɗaya ta fahimci zafin jawabin da kuma gwanintarsa.

Inda nake so ki sa ido shi ne nan. Sau da yawa irin wannan kwas yana karanta wasan kwaikwayon Arthur Miller, The Crucible, kan shari'ar maita da aka yi a Salem a 1692, inda aka rataye mutum 19. Malamin da bai yi hattara ba sai ya saka shi a makon da ake tarihin 1692, yara su haddace shi tamkar abin da ya faru ke nan. Alhali Miller ya sauya abubuwa da gangan. Abigail Williams yarinya ce 'yar shekara 11 ko 12, ya mai da ita 17. John Proctor dattijo ne mai kimanin 60, ya rage masa shekaru, ya ƙulla soyayya tsakaninsu don wasan ya yi armashi. A 1953 aka fara nuna shi, lokacin da Sanata McCarthy da ire-irensa ke farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci. Don haka wasan shaida ce a kan 1953 fiye da 1692. Ajin kirki zai ajiye takardun kotun Salem gefe guda, wasan gefe guda, ya ce wa yara: me ya canza, kuma don me? Ajin da bai yi haka ba ya cuci tarihi, ya cuci adabi.

Sauran matsalolin na yau da kullum ne. Tarihi gudu yake yi, ƙagaggen labari guda kuwa sai ya ci mako biyar, ɗaya dole ya jira ɗaya. Waƙoƙi da duk rubutun da bai dace da wani zamani ba sukan faɗi a hanya. Wasu makarantun kuma, a gaskiya, aji biyu kawai suke tarawa a ɗaki ɗaya, yara hamsin, malamai na karɓa-karɓa.

Saboda haka ki je makarantar ki yi tambaya. Shin malaman biyu suna da lokacin da aka ware musu su shirya darasi tare, kuma shekara nawa suka yi suna aikin tare? Rubutu nawa za ta yi a zango, wa zai duba, kuma ana mayar mata ta gyara? Ki nemi a nuna miki aikin gida guda na bara. Idan kuma tana da niyyar zana jarrabawar AP ta tarihin Amurka (jarrabawa ce mai matakin jami'a da ake zanawa tun a sakandare), wadda ake yi a watan Mayu, ki tabbatar kwas ɗin yana shirya ɗalibai dominta, don ba kowanne ke yi ba.

In amsoshin sun gamsar da ke, ni dai shawarata ki bar ta ta shiga. In kuwa aka fara yi miki kwana-kwana kan lokacin shirin malaman, ta ɗauke su daban-daban.