Katafilar Hannu: Wacce Ta Dace da Sharar Gona da Yanka Magudanar Ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gona a yankin Bunza, rabinta fadama ce da nake shuka shinkafa, rabinta kuma tudu ne da sabara da kalgo suka cinye. Na gaji da jiran katafilar haya wadda ba ta zuwa sai damina ta kawo kai, shi ya sa nake son sayen ƙarama ta hannu, wato wadda aka riga aka yi aiki da ita, domin in share tudun, in kuma yanka hanyoyin ruwa a fadamar. An nuna mini guda biyu, Caterpillar D4 da Komatsu D31P. Wacce zan ɗauka, kuma me zan duba? Daga wani manomi, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin mu kai ga zaɓi, ya kamata ka san iyakar abin da katafila take iyawa. Idan magudanar da kake so mai faɗi ce marar zurfi, wadda za ta janye ruwan da ke kwanciya bayan ambaliyar Agusta da Satumba, to katafila za ta yi ta, domin direba yana karkata cebur ɗin gaba ya kafa kusurwa ɗaya a ƙasa, ya bi layi sau da yawa har rami ya fito. Amma idan lambatu mai zurfi kake nufi, mai miƙaƙƙen gefe, wannan aikin injin haƙa ne mai dogon hannu, kuma gara ka yi hayarsa na 'yan kwanaki da ka wahalar da katafila a kan abin da ba a ƙera ta dominsa ba. Saboda haka ka tabbata cebur ɗin irin wanda ake ɗagawa, a sauke, a karkata, a kuma juya shi hagu da dama ne daga kujerar direba. Wanda sai an sauko an kwance ƙusa kafin a juya shi zai cinye maka rabin yini.

Harafin P da ke ƙarshen sunan Komatsu ɗin yana nufin faffaɗar sarƙa ce da ita, wadda aka yi domin ƙasa mai taushi, kuma a wajen Caterpillar irin wannan ake rubuta wa LGP. Faffaɗar sarƙa tana raba nauyin injin a kan fili mai yawa, don haka ba ta saurin nutsewa a lakar fadama. Sai dai a kan tudu mai kututture da tsakuwa ita ce ta fi shan wahala, domin idan gefen farantin sarƙar da ke taka ƙasa ya hau kututture sai ya murɗa sarƙar, faranti ya lanƙwashe, fil da bushi, wato ƙarafan da ke haɗa gaɓoɓin sarƙar, su riƙa cinyewa da wuri. Tunda sharar tudu aiki ne da za ka gama cikin shekara ɗaya ko biyu, gyaran magudanar fadama kuwa na kowace shekara ne, ni dai da D31P zan karkata, muddin lafiyarsu ɗaya. Sabara da kalgo ba su fi ƙarfinta ba. Manyan itatuwa irin kuka da ɗorawa kuwa ba aikin ƙaramar katafila ba ne, kuma dama ba abin turewa ba ne a gona.

Wannan sharaɗi na lafiya shi ne gundarin magana, kuma daga ƙasa ake fara duba shi. Sarƙa da rololi da babban gargaren da ke jan sarƙar su ne suke cin kusan rabin kuɗin gyaran katafila a tsawon rayuwarta, amma yawancin masu saye injin suke saurare, suna kallon sabon fenti. Ka durƙusa ka dubi haƙoran gargaren: lafiyayyu kansu a dakushe yake da ɗan faɗi, waɗanda suka ƙare kuwa sun yi tsini kamar ƙaya. Ka zura hannu ƙarƙashin sarƙar ka shafa bushi, idan ka ji ya baje ko ya tsage to kuɗi na jiranka. Ka lura da gargaren gaba wanda ake turawa domin ɗaure sarƙa. Idan an riga an tura shi har ƙarshen hanyarsa, sarƙar ta gama miƙewa. Rolar da mai ke tsiyaya daga gefenta ita ma ta kusa mutuwa.

Ka je da sassafe tare da makanikenka, ba na mai sayarwa ba, ka dafa injin ka ji da sanyinsa kafin a tayar. Ka zaro sandar awon baƙin mai, idan ya yi fari kamar an zuba masa madara to ruwa na shiga. A buɗe murfin baƙin mai injin yana aiki, hayaƙin da ke bugowa da ƙarfi alamar injin ya gaji ne. Sannan a kai ta ta yi aiki na gaske na awa guda, ta tura tarin ƙasa, ta juya hagu da dama da kaya a gabanta, domin matsalar giya da ta kulocin juyawa ba ta bayyana sai ƙarfe ya ɗauki zafi. Agogon awoyi kada ya ruɗe ka, ana canza shi. Feda da ta sha taku da fil ɗin cebur da ke girgiza sun fi shi faɗin gaskiya.

Kafin ka biya, ka kwafi lambar jikin injin ka kira masu kayan gyara a Kano ko Kaduna ka ji ko suna da rola da fil da tace-mai na wannan samfurin, domin a nan ne D4 take iya kere wa Komatsu, kasancewar makanikai sun fi sabawa da Caterpillar. Ka karɓi takardun kwastan da rasit, ka sa kuɗin babbar motar da za ta ɗauko ta zuwa Bunza cikin lissafi, domin tafiya mai nisa a kan kwalta tana kashe sarƙa. Idan aka fara shara kuma, ka tsaya a kan direba kada ya nutsa cebur, don kada ya kwashe baƙar ƙasar saman gonar ya tara maka ita a bakin iyaka tare da saiwoyi.