Ƙarin awannin Kirsimeti na mai lasisi ne, ba naka ba

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce abokinka ya gaya maka a Ingila da Disamba ta kama ana ƙara wa mashaya da gidajen abinci lokacin tashi, aiki ya yi ta neman mai yi, a hutu ɗaya ka haɗa ragowar kuɗin makaranta. Ba kai kaɗai ka turo min wannan lissafin bana ba, kuma gaskiya na gaji da jin sa.

Ƙarin lokaci akwai shi. A Ingila da Wales dokar lasisi ta 2003, wadda ta fara aiki a Nuwamban 2005, ita ke riƙe da harkar giya. Kowace mashaya awanninta na rubuce a takardar da ƙaramar hukuma ta ba ta. Da yawa an yarje musu su kwana a buɗe daren shiga sabuwar shekara. Mai son ƙarin wani dare daban sai ya kai sanarwa, ya biya fam 21. Gwamnati takan buɗe wa kowa har ƙarfe 1 na dare idan biki na ƙasa ne, kamar cikar Sarauniya Elizabeth shekara 70 a karaga a 2022 da naɗin Sarki Charles a Mayun 2023. Kirsimeti ba ta cikin wannan. Manyan kantuna ma doka ta hana su buɗewa ranar, a Landan kuwa babu bas babu jirgin ƙasa.

Duk wannan bai taɓa bizarka ba. Ɗalibin jami'a awa 20 yake da ita a mako muddin ana zangon karatu, kuma kalandar jami'arka ce ke faɗin ranar da hutu ya fara, ba manajanka ba. Tun 2017 jami'an shige da fice ke da ikon shiga wurin da ke da lasisi su duba takardun ma'aikata, har shagon nama na halal da ke sayar da abinci mai zafi bayan ƙarfe 11 na dare. Tarar mai wurin a karon farko takan kai fam 45,000 kan mutum ɗaya tun Fabrairun 2024. Shi zai biya kuɗi, kai kuma za a iya soke bizarka, kuɗin da Baba ya kashe ya bi ruwa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne giyar kanta, wadda babu mai faɗa maka ita daga gida. Ba sai ka shiga mashaya ba. Ko a babban kanti aka zaunar da kai wurin karɓar kuɗi, kwalabe za su bi ta hannunka. Ka san hadisin da ya haɗa mai sayarwa da mai ɗauka cikin la'ana, ba sai na karanta maka ba. Doka ma a wuyanka take: ka sayar wa wanda bai kai 18 ba, kai za a yanka wa tarar fam 90 nan take, kuma hukuma kan turo yara da gangan don gwaji. Sayar wa wanda ya riga ya bugu shi ma laifi ne, kai za ka ce masa a'a da tsakar dare.

Ni wani gidan abinci ya ɗauke ni da alkawarin kicin kawai. Daren sabuwar shekara da wuri ya cika, manaja ya miƙo min faranti cike da kofunan giya. Na ce ba mu yi haka da shi ba. Bai ɗaga murya ba. Mako na gaba sunana ya kusa ɓacewa daga jadawalin aiki, don yarjejeniyata ba ta ɗaure shi da ba ni ko awa ɗaya ba. Har yau idan na tuna raina yakan sosu. Ninka albashi ranar biki kuwa ba doka ba ce, ganin damar mai wuri ne.

Na koma ɗakin ajiyar kaya, ina jidon kwalaye cikin sanyin da ke tsaga yatsu, kuma alhamdulillahi na gama karatuna ban ɗauki kwalba ɗaya ba. Irin wannan aikin da na kula da tsofaffi su ma suna neman hannu a Disamba. Albashinsu zai iya biya maka haya da abinci, amma kuɗin makaranta ka haɗa shi kafin ka taso. Turo min takardar gurbin karatunka da kalandar jami'ar in duba, kuma ka ce wa Baba kada ya saki gonar nan sai mun yi waya.