Disney+ a falonki: abin da kuɗinki zai saya da abin da ba zai saya ba

Wata ƙanwarmu ta rubuto daga Manchester a kan Disney+, manhajar kallon fina-finai ta intanet ta kamfanin Disney da ake biyan kuɗi a kalla. Ga saƙon nata a taƙaice:

"Assalamu alaikum Anti. Shekarata uku a Ingila ina aikin kula da tsofaffi, kamfanin da nake wa aiki ne ya ɗauki nauyin bizata. Yarana uku, babbar shekararta 11, mai bi mata 8, auta 4. Sun dame ni sai na saka musu Disney+ domin duk 'yan ajinsu suna da shi. Na ji an ce kamfanin iyali ne, ba a nuna abin banza. Wani lokaci aikina da na Abbansu yakan haɗu, a yi awa uku ko huɗu ba babba a gida, sai na ga kamar zai riƙe min su. Ina kuma so in ba Hajiyata da ke Katsina lambar, jikokin da ke hannunta su riƙa kallo. Sannan akwai wani a unguwarmu da ke sayar da 'yar na'urar nan da ake soka wa talabijin, fam 50 a shekara ka kalli komai, har ya ce in na kawo masa mutane zai riƙa ba ni wani abu. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya zuri'a, ya sa wa nema albarka. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce ta sa gabana ya faɗi.

Ki fita harkar mutumin nan tun yau. Abin da yake sayarwa ƙaramar na'ura ce irin Fire Stick da aka murɗa wa ciki domin ta jawo tashoshi ba da izinin masu su ba. A 2023 wata kotu a Ingila ta ɗaure mutum biyar da ke irin wannan sana'a da wasannin ƙwallon Firimiya, jagoransu ya sha shekara 11. A 2024 an ɗaure wani a Liverpool shekara uku da wata huɗu a kan sayar da waɗannan na'urori daga gidansa. Shi ma mai kallo bai tsira ba, domin dokar zamba ta 2006 ta haɗa da cin moriyar wata hidima ta hanyar ha'inci. Gaskiya ne masu sayarwa aka fi kamawa, to amma ai mutumin ba saye kaɗai yake kiran ki ba. Ranar da kika fara kawo masa mutane yana ba ki kamasho, kin zama abokiyar sana'arsa, saƙonninku na WhatsApp da kuɗin da ya shigo asusunki sun isa shaida.

Ɗan ƙasa in ya yi laifi ya gama zamansa, gida zai koma. Ke fa? Duk ranar da kika je sabunta biza, ko neman izinin zama na dindindin, ko takardar zama 'yar ƙasa, za a tambaye ki ko an taɓa samun ki da laifi, kuma Ma'aikatar Cikin Gida tana auna halin mutum kafin ta ba shi fasfo. Bizar mijinki da ta yaran nan uku duk a jikin taki suke rataye. Bayan haka bizar da kike kai ta ƙayyade irin ƙarin aikin da za ki iya yi a gefe, dillancin na'urar sata ba ya ciki. Kuɗin neman zama na dindindin kaɗai ya kai fam 3,029 a kan kowane mutum ɗaya a 2025, ku biyar ne, kina ta tari da gumin aikin dare. Kada garin neman gira ki rasa ido.

Tunda muna maganar doka, ga wani abu da ke kama mutanenmu ba su sani ba. Kallon fim a Disney+ a lokacin da kika ga dama ba ya buƙatar lasisin talabijin. Amma duk abin da ake watsawa kai tsaye, ko ta wace manhaja, da komai na BBC iPlayer, sai da lasisi. Kuɗinsa ya koma fam 174.50 a shekara a Afrilun 2025, rashin biya kuma yana iya kai mutum kotu da tarar da ta kai fam 1,000. In yara suna danna iPlayer domin kallon tashar yara ta CBeebies, gidanki na buƙatar lasisin.

Yanzu ga shi Disney+ ɗin kansa.

An buɗe shi ran 12 ga Nuwamban 2019 a Amurka da Kanada da Holan, ya iso Birtaniya ran 24 ga Maris 2020, daidai lokacin da aka kulle mutane a gida saboda korona. Iyaye sun yi masa kyakkyawan zato irin naki, kuma da dalili. Kamfanin tun 1923 yake yin katun, iyaye da kakanni a ƙasashen nan da shi suka tashi. Mutum miliyan 10 suka yi rajista a ranar farko. Lokacin kuwa abin da ke ciki kusan duk na iyali ne: tsofaffin katun ɗinsu, da na Pixar da suka saya a 2006, da fina-finan Marvel da suka saya a 2009, da na Lucasfilm a 2012, sai shirye-shiryen namun daji da na kimiyya na National Geographic.

Sai dai wanda ya ce miki ba a nuna abin manya, labarinsa ya tsufa. A 2019 kamfanin ya kashe sama da dala biliyan 71 ya sayi yawancin kadarorin 21st Century Fox, ya gaji rumbun fina-finan da ba su da alaƙa da yara ko kaɗan. Ran 23 ga Fabrairun 2021 aka zuba su cikin manhajar a Birtaniya da sauran ƙasashen Turai a ƙarƙashin wani sashe da aka sa wa suna Star. A nan akwai na tsoro, akwai na kisa da zubar da jini, akwai na tsiraici, har zuwa matakin 'yan shekara 18. Duka a manhaja ɗaya suke da katun ɗin autarki, rimot ɗaya ne tsakaninsu.

Saboda haka in kin yanke shawarar saka shi, kada ki miƙa wa babbar 'yarki waya ki ce ta saita. Ki zauna da kanki daren da ba ki da aiki. Asusu ɗaya yana ɗaukar shafi har bakwai, ki buɗe wa kowane yaro nasa da sunansa. Na auta ki sa shi a tsarin ƙananan yara da suke kira Junior Mode, ki kunna abin da ke hana yaro fita daga cikinsa. Na sauran biyun ki zaɓa musu matakin shekarun da ya dace da su. Naki da na Abbansu ki kulle da lamba huɗu ta sirri, kada ta zama shekarar haihuwar wani a gidan, kada kuma ki danna ta suna kallon hannunki, domin yaro ɗan shekara takwas sau ɗaya yake gani ya haddace. Ki kuma rufe damar buɗe sabon shafi ba tare da kalmar sirri ba, don nan ce ƙofar bayan da iyaye suke mantawa da ita.

Ko bayan duk wannan, matakin shekarun nan ma'aunin mutanen nan ne, da abin da su suke ganin ya dace da yaro. A 2022 Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da wasu ƙasashe sun hana nuna wani katun na Pixar a silima saboda wani ɗan wuri da mata biyu suka sumbaci juna, alhali a Birtaniya an ba shi matakin PG, wanda yara ke iya kallo. Akwai kuma abin da ni ya fi damuna, wanda ba wata hukumar tacewa da ke ƙirga shi: yadda a yawancin shirye-shiryen 'yan makaranta yaro ke mayar wa uwarsa magana a sa dariya a bayan fage, uba kuma a nuna shi sakarai ne a gidansa. Yaro yana shan wannan kullum, ranar da ya gwada a kanki za ki rasa inda ya samo. Maganinsa shi ne ki riƙa zama tare da su ko sau ɗaya a mako, ki tsayar da fim ɗin ki ce, "Ke Yaya babba, da Hajiya ce a wurin nan, haka za ki amsa mata?" Ki bar su su yi gardama. Daga bakinsu za ki ji abin da ya riga ya shige su.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Da fam 5.99 aka fara a wata. Da aka kawo Star ya koma 7.99. A Nuwamban 2023 aka raba shi gida uku, mafi araha da tallace-tallace a ciki, zuwa Oktoban 2024 na saman ya kai 12.99. Farashin buɗe shago daban, na bayan an saba daban. Ki duba na yau kafin ki danna, ki kuma sani ba kwangila ba ce, kina iya biya lokacin hutun makaranta ki dakatar in an koma.

Hajiya kuwa, ba zai yiwu ba. Kamfanin ya buɗe a Afirka ta Kudu a Mayun 2022, sai ƙasashen Larabawa irin su Masar da Maroko da Saudiyya a watan Yuni na shekarar, bai haɗa da Najeriya da Nijar ba. Tun 2024 kuma suka tsaurara a kan raba lamba da wanda ba gida ɗaya kuke ba. Suna ba da damar ƙara mutum ɗaya da ƙarin kuɗi, amma sai wanda ke ƙasa ɗaya da ke. Wani zai ce a sa VPN, manhajar nan da ke ɓoye ƙasar da mutum yake. Wannan saɓa wa yarjejeniyarsu ne, suna iya rufe asusun, ga shan data da zai fi ƙarfin abin da kike tura mata. Ki sa mata kuɗin datar kawai, jikokin su kalli abin da ke Arewa24 da YouTube.

Sauran abu ɗaya, wanda kika faɗa a tsakiyar saƙonki kamar ba komai ba: awa uku ko huɗu ba babba a gida. Ƙanwata, ba na zargin ki, na san yadda jadawalin aikin nan yake, na san kuɗin mai reno ya kusa cinye abin da ake biyan ki a awa. Amma talabijin ba ya kashe gas, ba ya buɗe ƙofa in gobara ta tashi. Dokar Ingila ba ta yanke shekarun da za a iya barin yaro shi kaɗai ba, sai dai laifi ne a bar shi a halin da zai iya cutuwa. Ƙungiyar kare yara ta NSPCC tana cewa yaron da bai kai 12 ba da wuya ya iya zama shi kaɗai na dogon lokaci, ƙananan yara kuwa ba a barin su ko na ɗan lokaci. A gida yarinya 'yar shekara 11 tana goyon ƙaninta ba wanda zai ɗaga ido, domin ga kishiyar uwa, ga matar wa, ga maƙwabta ta katanga. A nan maƙwabciya in ta ji kukan auta ya yi tsawo waya za ta ɗauka, ko yaron ya faɗa wa malamarsa da safe cikin hira, washegari ma'aikatan jin daɗin yara na ƙaramar hukuma suna ƙofarki. Ki kai wa manajarki jadawalin mijinki ki roƙi a daidaita, yawancinsu suna yi in an gaya musu da wuri. Ki tambayi makarantar yaran game da zaman bayan tashi da suke yi. Ki nemi wata 'yar'uwa a masallacinku ku riƙa karɓa-karɓa, ranar aikinki nata gidan, ranar nata naki.

Ina faɗa miki wannan da zafi ne domin na taɓa yin sa. Shekarunmu na farko a ƙasar nan, ɗana na fari a gaban akwatin talabijin ya yi su, ina murna yana koyon Turanci da sauri. Ranar da muka je gida yana da shekara tara, mahaifiyata ta jawo shi jikinta ta ce, "Maigidana, me ka kawo min?" Ya juyo ya dube ni yana jira in fassara masa. Ta yi murmushi ta shafa kansa, amma na ga idonta. Har ta rasu ba su taɓa yin hira su biyu ba tare da ni a tsakani ba.

A manhajar nan za ki iya sauya muryar fim zuwa Faransanci ko Sifaniyanci ko Jamusanci, ba za ki sami Hausa ba. Abin da ya fi kusa da gida shi ne Iwájú, wanda suka yi da kamfanin Kugali suka fitar a Fabrairun 2024, labarin wata yarinya a Legas ta zamani mai zuwa. Yana da kyau yaranki su ga baƙar yarinya 'yar Najeriya a matsayin tauraruwa, ki kalla tare da su. Amma Legas ce, kuma da Turanci ake yawancin maganar. Hausar autarki daga bakinki da na Abbanta da na Hajiya kaɗai za ta fito.

To ki juya abin da kika yi niyya. Ke kina so ki aika wa Katsina Disney, ni kuwa ina so ki jawo Katsina cikin falonki. Ki sa doka: ranar Asabar da Lahadi ba a kunna manhajar sai an kira Hajiya ta bidiyo, ta yi musu tatsuniya ɗaya, su ce "Ta zo mu ji ta" da bakinsu, ko da rabin labarin Gizo da Ƙoƙi zai wuce su da farko. Ki jingina wayar a kan tebur ki koma kicin, don in kina kusa ke za su riƙa dubawa. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonku ɗaya da Katsina, da sanyi kuma suna gabanku da awa ɗaya, sai ki tsayar da lokacin tsakanin la'asar da magaribar can, kafin Hajiya ta tashi alwala.