RSS: Yadda sabbin labarai da bincike za su riƙa zuwa inda kike

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar laburare ce. Malamai da ɗalibai kan tambaye ni ko an fitar da sabon bincike a fanninsu, ni kuma sai na bi shafukan mujallu ɗaya bayan ɗaya ina dubawa. An ce min RSS zai rage min wahala. Mene ne shi? Wani kuma ya ce an daina yayinsa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Wanda ya nuna miki RSS ya yi miki gata.

RSS wani ɗan fayil ne da shafin intanet ke sabuntawa duk lokacin da ya wallafa sabon abu. A ciki akwai kanun rubutun, da ranar da ya fito, da 'yar taƙaitawa, da adireshin cikakken rubutun. Sai ki sauke manhajar karanta shi, kamar Feedly ko Inoreader, a waya ko a kwamfuta, ki liƙa mata adireshin fayil ɗin. Daga nan ita za ta riƙa leƙawa tana tara miki komai wuri guda, sabo a sama. Idan kin ga an rubuta Atom, ɗan'uwan RSS ne, manhaja ɗaya ke karanta su.

Abin da ya sa nake matuƙar son sa shi ne ke ce mai zaɓi. A Facebook na'ura ce ke yanke abin da za ki gani. A nan kuwa, abin da kika yi rajista da shi kaɗai zai iso ki.

Batun mutuwarsa kuma, ba haka ba ne. Kamfanin Netscape ne ya fito da shi a 1999, kuma da Google ya rufe manhajarsa ta karanta RSS, wato Google Reader, a Yulin 2013 mutane da yawa suka ɗauka an gama. Amma har gobe da shi ake rarraba shirye-shiryen sauti na intanet da ake kira fodkas.

Ga inda ribarki take. Shiga PubMed, rumbun binciken likitanci na intanet, rubuta kalmomin da wani malami ke bincike a kansu, misali zazzaɓin cizon sauro a jikin yara. Ƙarƙashin akwatin bincike za ki ga Create RSS. Danna, kwafi adireshin, saka a manhajarki. Shi ke nan, duk takardar da ta shigo a kan batun za ta same ki. Buɗe wa kowane sashe jakarsa a cikin manhajar, ki ware safiya ɗaya a mako ki tace, ki tura wa masu buƙata. Ki ɓata lokaci wajen zaɓen kalmomin nan sosai, domin in suka yi faɗi, tarkace za su binne ki. Idan laburarenku na amfani da Koha, manhajar kula da kundin laburare, sakamakon bincike a kundin ma yana da RSS, don haka masu karatu za su iya bibiyar sabbin littattafan da kuka shigar.

In ba ki ga alamar RSS mai ruwan lemo a shafi ba, gwada ƙara /feed a ƙarshen adireshinsa. Shafukan da aka gina da manhajar WordPress galibi suna amsawa. Sai dai RSS ba ya buɗe mujallar da sai an biya kuɗi, taƙaitawa kawai zai kawo. Fara da shafuka kaɗan, kuma ki riƙa adana jerin shafukanki a fayil ɗin OPML, wanda manhajar ke fitarwa, don ranar da za ki sauya manhaja ki kwashe shi gaba ɗaya.