Wandon Hawan Keke a Hanyar Burji

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jidda, muna fita da keke hanyoyin burji a wajen Ɗa'if, awa huɗu zuwa biyar. Matsematsina na saɓulewa. Wane wando zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu uku ne ke jawo wannan: gumi, gugar fata, da girgizar tsakuwa. Nemi wandon keke mai soso ɗinke a ciki. Kada kauri ya ruɗe ka, taurin soson ake dubawa. Matsa shi da yatsu biyu. In yatsun suka haɗu nan take, zai kwanta da wuri. Kuma faɗinsa ya kai inda ƙasusuwan zamanka biyu ke taɓa sirdi.

Wandon ya kama jiki sosai, don in ya yi yawa soson na zamewa, daga nan gugar ke farawa. Mai igiyar kafaɗa ya fi mai roba a ƙugu, ba ya sauka, ba ya matse ciki, sai dai yana da wahalar cirewa wajen kama ruwa.

Ba a sa kamfai a ƙarƙashinsa. Auduga na riƙe gumi, ɗinkinta kuma na cin fata. Don sutura, ɗora sassauƙan wando mai rufe gwiwa a kai, wanda ba shi da ɗinki mai kauri a tsakiya.

Da ka sauka ka cire shi, ka wanke da ruwan da bai wuce digiri 30 ba, ka shanya a inuwa, don ranar Jidda na kashe robar yadin.